Shin Ko Kun San? Makullin Tsohuwar Mota Lamba Ce!

Shin ko kun san cewa makullin motar da ta shekara sittin a duniya zai iya faɗawa rijiya yau, gobe a yanko muku sabo fil wanda zai buɗe ta kamar ranar da ta fito daga kamfani? Ba tsafi a ciki. Kowane haƙori da kuke gani a jikin makulli yana da zurfin da aka auna masa. Kowane zurfi kuma yana da lamba. Wanda ya riƙe lambobin nan, ya riƙe makullin, ko da bai taɓa ganinsa da ido ba. To ku gyara zama, yau hirar makullan tsofaffin motoci za mu sha, irin motocin nan da masu su ke lallaɓawa kamar ƙwai.

Da farko dai, motocin farko ba su san makullin tayarwa ba sam. Handil ake zura wa a hancin mota, a murɗa da ƙarfin tuwo. In injin ya yi tutsu ya mayar da handil baya, sai ya karya wa mutum wuyan hannu. Abin ya yi yawa har likitocin ƙashi suka raɗa wa irin wannan karaya suna: karayar direba. Har yau sunan yana cikin littattafansu!

A 1912 ne Cadillac ta fito da sitata ta lantarki, aikin wani injiniya ɗan Amurka mai suna Charles Kettering. Hannuwan direbobi suka huta. Amma ku ji wani abu: ko a lokacin, makulli ba ya tayar da mota. Wuta kawai yake buɗewa. Sai ka murɗa shi, sannan ka danna wani maɓalli daban a gabanka, ko ka taka shi da ƙafa a ƙasa. Murɗa makulli inji ya amsa nan take, abin da ko yaro ya sani yau, sai a 1949 Chrysler ta kawo shi kasuwa. Ku ƙirga. Shekara 37 tsakani!

Handil ɗin ma bai mutu da wuri ba. Ƙaramar motar nan ta Faransa, Citroën 2CV, ta riƙe shi tun daga 1948 har ranar da aka haɗa ta ƙarshe a 1990. Ƙarfen da ake kwance notin taya da shi, shi ne handil ɗin. Batir ya mutu? Ba sai an nemo masu turi ba.

Yanzu ga wadda za ta sa ku riƙe baki. Ford Model T, motar da aka ƙera fiye da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927. Daga 1919 zuwa ƙarshenta, makullanta iri nawa ne kuke tsammani? Dubu? Ɗari biyar? Ashirin da huɗu! An buga musu lamba daga 51 zuwa 74, shi ke nan. Miliyoyin motoci, makulli 24. Wato in motoci 25 suka yi layi a bakin kasuwa, dole a samu biyu da makulli ɗaya zai kunna. Mai Model T a yau shi ne ya fi kowa hutu. Ya duba lambar da ke fuskar gidan makulli, ya aika, a kawo masa. Wanda ya tara duka 24 a zobe ɗaya kuwa, babu wadda za ta gagare shi a cikin na waɗannan shekaru. Tirƙashi!

Ingila ma haka ta yi sakaci na tsawon shekaru. Wani kamfani a birnin Birmingham, Wilmot Breeden, shi ke yi wa Austin da Morris da MG da Triumph da Jaguar da Land Rover makullai, da tambarin Union a kansu. Jerin lambobinsu suna farawa da haruffa irin su MRN, FA, FP da FS. A motoci da yawa na wancan zamani, lambar tana rubuce ɓaro-ɓaro a fuskar gidan makulli. Ɓarawo ya leƙa ta gilashi, ya karanta, ya je shago ya saya. Daga baya aka farga, aka mayar da lambar ciki inda sai an kwance ake gani. Amma ga mai tsohuwar MG a yau, wannan tsohon sakaci alheri ne. Haruffa biyu da lamba uku, an gama magana.

In kuma lambar ta goge fa? Ku saurara. A ƙauyen Gaydon na ƙasar Ingila akwai gidan tarihin motocin Birtaniya, inda aka adana manyan littattafan da ma'aikatan kamfanoni suka riƙa cikewa da hannu. Ka aika musu lambar jikin motarka, su buɗe littafi, su ba ka takardar shaida. Ranar da aka haɗa ta. Launin da ta fito da shi. Dilan da aka kai wa. Sau da yawa har da lambar makulli! Wani akawu ya rubuta ta da alƙalami shekara sittin da suka wuce, bai san wa zai amfana ba. Allah ya saka wa masu rubuta abu su ajiye.

Jamusawa kuwa ai ba a magana. Tsohuwar Marsandi tana da katin bayanai da kamfanin Mercedes ya ajiye tun ranar haihuwarta, kuma lambar makulli na cikin abin da ke kai. Sai dai ba a bai wa kowa. Sai ka nuna takardun da ke tabbatar da cewa motar taka ce. Haka ya kamata. Duk mai yankan makulli na ƙwarai ma sai ya tambaye ka takardu kafin ya taɓa ƙarfe, kuma in ya tambaya kada ka ji haushi, motarka yake karewa.

Masu Marsandi ta shekarun 1970 da 1980 sun san wani abu kuma. Makulli biyu take zuwa da su masu kai daban. Mai kai murabba'i yana buɗe ko'ina. Mai zagayayyen kai yana buɗe ƙofa, yana tayar da inji, amma but da aljihun gaban fasinja sun fi ƙarfinsa. Wannan shi ake miƙa wa mai wanki ko mai gyara. Kayan da ke but suna nan lafiya lau.

Shin ko kun san inda Volkswagen ta ɓoye lambar makullin Bitil? A jikin mariƙin ƙofa! Kwance shi, juya shi, ga lambar nan a buge. Motar da aka yi fiye da miliyan 21 da rabi, wadda ta ƙarshe ta fito daga Puebla ta ƙasar Meziko ranar 30 ga Yuli, 2003. Mu ma an taɓa haɗa mana ita a Legas, daga 1975. Wadda ke kwance a bayan gidan kakanku, taya a sace, kaji na ƙwai a ciki, lambarta na nan a mariƙi tana jira.

Wuraren ɓuyan lamba suna da yawa. Jikin gidan makullin ƙofa. Jikin na but. Na aljihun gaba. Wani lokaci a cikin littafin mota, inda mai ita na farko ya rubuta da biro a shafin ƙarshe. Wani lokaci a wani ɗan falle na ƙarfe da ke rataye da makullan tun daga shago, wanda mutane ke cirewa su yar don ba su san amfaninsa ba. Kai, wannan ɗan fallen ya fi makullin kansa daraja!

General Motors ta Amurka nata salon daban ne. A kan makullin akwai wani ɗan yanki da aka tsaga kewayensa, a kansa aka buga lambar. Dila zai ce ka rubuta lambar, sannan a fasa yankin ya fita, ya bar rami. Ramin nan da kuke zura zobe a ciki, gurbin lambar ne! Shi ya sa masu tara tsofaffin Chevrolet ke rububin makullin da har yau ba a fasa nasa ba.

Ba mu gama da su ba. Daga 1935 har 1966, tsagin jikin makullan General Motors bai canza ba. Shekara talatin da ɗoriya! Daga 1967 sai suka shiga wasan haruffa. A da B a 1967. C da D a 1968. E da H a 1969. J da K a 1970. A 1971 aka koma A da B, aka sake zagayowa. Harafin yana buge a wuyan makulli. Ka sayi ɗanyen makulli mai C alhali motarka ta 1967 ce, ko ramin ba zai shiga ba, balle a yi zancen murɗawa. Kuma biyu-biyu suke tafiya, ɗaya na inji, ɗaya na but. Wannan ma abin lura ne: a tsofaffin motoci da yawa, makullin ƙofa daban, na inji daban, na but daban, wani sa'in har da na murfin tanki. Huɗu ke nan a mota ɗaya.

Wa ya riƙa yi wa General Motors makullan? Ku canka. Briggs & Stratton na birnin Milwaukee, kamfanin nan da aka fi sani da ƙananan injuna na janareta da na yankan ciyawa. Shekara da shekaru yana cikin manyan masu ƙera makullan mota a duniya, sai a 1995 sashen ya ɓalle ya zama Strattec.

Wasu Chevrolet na shekarun 1950 ma suna da wata baiwa. In ka zare makulli a wurin da aka rubuta kashewa, ba a wurin kullewa ba, ana iya murɗa gidan makullin da yatsu mota ta tashi. Da gangan aka yi, don ka bar wa mai gyara mota ka tafi da makullinka.

Ford ce ta kawo makulli mai haƙora gefe biyu a 1965. Ta ko'ina ka zura, ya shiga. Ba laluben sama da ƙasa cikin duhu. Amma ga sirrin: gidan makullin gefe ɗaya kawai yake karantawa. Sai masu yankan makulli suka gano dabara. Mai gida yana da Ford biyu? A yanka ta farko a wannan gefe, ta biyu a wancan gefe. Makulli ɗaya, mota biyu! Juya shi kawai za ka yi.

Mu ɗan yi lissafi, ba mai wuya ba. Makulli mai gurbi shida, kowane gurbi da zurfi iri huɗu, zai ba da makullai 4,096. Mai gurbi biyar da zurfi biyar, 3,125. A aikace ma ba sa kai haka, don ba a son rami mai zurfi ƙwarai ya zauna dab da marar zurfi, makullin zai riƙa maƙalewa. Ku auna wannan da miliyoyin motoci. Saboda haka labarin mutumin da ya fito daga kasuwa ya buɗe motar wani mai kama da tasa ya shiga, sai da ya ga baƙuwar hula a kujera ya ankara, abu ne da lissafi ya yarda da shi.

To in babu lamba ko'ina fa? Nan ne gwanaye ke fitowa.

Na taɓa zama a benci gaban wani dattijo mai yankan makulli, a 'yar rumfarsa ta kwano. An kawo masa gidan makullin ƙofar wata Fijo 504, a naɗe cikin tsumma. Mai motar ya ce tun rasuwar mahaifinsa ba a ga makullin ba. Dattijon ya tambaya, "Alhaji, na wace ƙofa ka kwanto?" Ya ce ta direba. Ya girgiza kai, ya ce a koma a kwanto na ɓangaren fasinja. Dalili? Na direba ya sha murɗa shekara da shekaru, cikinsa ya cinye. Na fasinja kuwa kusan sabo ne, ba kasafai ake zura masa makulli ba. Ban taɓa tunanin haka ba sai ranar.

Da aka kawo, sai ya laluba wani gwangwanin madara, ya zaro ɗanyen makulli, wato wanda ba a yi wa haƙori ko ɗaya ba. Ya goge bakinsa har ya yi santsi. Ya kama shi da filaya, ya zura, ya murɗa har ya cije, ya ɗan girgiza sama da ƙasa. Ya zaro. Ya ɗaga shi saitin rana, ya kanne ido ɗaya. Ni ban ga komai ba. Shi kuwa ya ga wasu 'yan tabo ƙanana kamar kan allura, inda 'yan faifan ƙarfen ciki suka cije shi. Ya ɗauki siririn magagari, ya goga sau biyu ko uku a kan kowane tabo. Ya hure. Ya sake zurawa. Haka ya yi ta yi, ba gaggawa, ba magana, garin tagulla na zuba a gwiwarsa. Can sai muka ji ƙas! Ya juya. Mai motar ya ce, "Ikon Allah! Baba, Allah ya ƙara basira." Gidan makullin ne da kansa ya faɗa wa dattijon siffar makullinsa, tabo bayan tabo.

Akwai hanya ta biyu. A warware gidan makullin gaba ɗaya, a zaro 'yan faifan nan ɗaya bayan ɗaya, a jera su a kan farin ƙyalle yadda suka fito. Tsawon kowanne shi ke nuna zurfin haƙorinsa. Sifirin ɗinsu kuwa bai kai ƙwayar shinkafa kauri ba. Ɗaya ya yi tsalle ya faɗa ƙasa, an shiga uku! Yanzu ma akwai wani ɗan ƙarfe mai suna Lishi, ƙirar wani mutumin Sin, da ke karanta zurfin faifan ta cikin rami ba tare da an kwance komai ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an kafa sukudireba a gidan makullin tsohuwar mota an doka da guduma. Ko a farke ƙasan sitiyari, a jona waya biyu, a maƙala maɓallin fitila. Minti biyar an lalata abin da ya rayu shekara arba'in! Fijo 504 ɗin nan da aka yi ta haɗa mana a Kaduna, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta zama zakarar motocin Turai a 1969, ta ci hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta Maraɗi zuwa Damagaram ba adadi, ta wuce a yi mata haka. Da tsohuwar zuma ake magani. Kafin a kira mai guduma, a zagaya Ƙofar Ruwa ko Panteka, a tambayi dattawan wurin wa ya iya.

Sau da yawa ma yankan ba shi ne wahala ba. Samun ɗanyen makullin da tsaginsa ya dace, nan gizo ke saƙa. Shin ko kun san 'yan kamfanoni ƙalilan ne ke cika duniya da su? Silca a garin Vittorio Veneto na Italiya. JMA a yankin Bask na Sifen. Ilco a Amurka. Ku ciro makullin safayarku yanzu ku duba kansa. Da wuya ku rasa sunan ɗaya daga cikinsu! Kowannensu yana da kundi mai kauri na tsage-tsage dubbai, har da na motocin da kamfanoninsu suka daɗe da rufewa.

Ga kuskuren da kusan kowa ke yi. A kai tsohon makulli da ya cinye, a ce a kwafa. Injin kwafi ba ya tunani. Abin da ya taɓa shi yake yankawa, har da cinyewar. A kwafi kwafin, a sake kwafar wannan, zuwa na huɗu sai ka ga ana jijjiga makulli ana addu'a kafin ya juya. Wanda aka yanka daga lamba kuwa yana dawowa da awon ranar farko. Dilolin Amurka na da har wata 'yar na'urar hannu gare su mai suna Curtis, kamar filaya. A saita lamba, a matsa, ƙas, haƙori ɗaya ya fita. A matsa sau shida, makulli ya kammala. Ba lantarki, ba ƙara.

Me ya sa ake yin yawancin makullai da tagulla mai laushi? Don makulli ya cinye, gidan ya tsira. Makulli arha ne. Gidan makulli na asali kuwa, wani ko da kuɗinka sai ka yi wata da watanni kana cigiya. Kuma a daina ɗura masa baƙin mai. Mai yana kama ƙura, ƙurar harmatan ta haɗu da shi ta zama taɓo, faifan su daskare. Garin bakin fensir ya fi masa.

Tarin makullai fa? Na gida, na shago, na ofis, na kwaɗon rumbu, duk a zobe ɗaya suna lilo a jikin sitiyari? Nauyin nan yana cin gidan makulli a hankali. Ba ƙaramar magana ba ce. A 2014 General Motors ta janye ƙananan motoci kimanin miliyan 2.6 saboda gidan makullin da ke iya komawa kashe ana cikin tafiya, kuma shawarar farko da ta ba masu su ita ce su cire komai daga zoben, su bar makullin shi kaɗai. Asusun diyyar da aka kafa ya amince da mutuwar mutum 124. Kar a rena allura, ƙarfe ce.

Masu jin Faransanci, wannan taku ce. Kun san dalilin da ya sa a Faransa ake kiran gidan makullin da ke kulle sitiyari neiman? Sunan mutum ne! Abram Neiman, wanda ya ƙirƙiro shi a 1931. Jamus ta Yamma ta wajabta kulle sitiyari a 1961, Amurka a 1970, Birtaniya a kan sababbin motoci a 1971. A kamfanin nasa ne kuma Paul Lipschutz ya yi aikin rimot na buɗe ƙofa daga nesa, wanda ya fara fitowa a Renault Fuego a 1982. Faransawa suka gutsuro sunansa suka kira abin plip. Mutum biyu, kalma biyu, duk daga gida ɗaya!

Kafin wannan zamani, ya ake hana sata? A 1940, da Birtaniya ke fargabar sojojin Jamus za su diro mata, an kafa doka cewa duk wanda zai bar mota ba kowa sai ya nakasa ta. Sai direbobi suka riƙa buɗe bonet, su cire rota daga cikin distirbuta, su jefa aljihu. Yawancin jif-jif na sojan Amurka a yaƙin ma ba su da makulli, ɗan maɓalli ne kawai, don haka su ma rotar suke zarewa. Ɗan abu kamar goro, amma in babu shi inji ba zai ce uffan ba.

Ina ake zura makullin ma? Ba ko'ina ɗaya ba! Porsche ta sa nata a hagun sitiyari. Labarin da aka fi bayarwa shi ne tseren Le Mans na awa 24 a Faransa, inda direbobi ke tsayawa a tsallaken titi, a ba da alama, su sheƙo da gudu su faɗa mota. Hagu na murɗa makulli, dama na saka giya. A 1969 wani ɗan Beljiyam, Jacky Ickx, ya ƙi gudun don nuna haɗarinsa. Ya tako a hankali, ya zauna, ya ɗaura bel, ya tashi a bayan kowa. Bayan awa 24, shi ya zo na ɗaya, da tazarar kusan mita 120 kacal! Daga shekarar da ta biyo baya aka daina gudun.

Saab ta ƙasar Suwidin kuwa a ƙasa ta sa nata, tsakanin kujeru biyu, kusa da giya. In an yi karo, makulli ba zai soki gwiwa ba. Kuma ba ya zaruwa sai ka sa ribas. Baƙo ya ari motar, ya isa inda za shi, ya yi ta ja yana gumi!

Daga tsakiyar shekarun 1980 labari ya fara sauyawa. Chevrolet Corvette ta 1986 ta zo da makulli mai wata 'yar baƙar ƙwaya a wuya. Ƙwayar tana rage ƙarfin lantarki da wani awo, kuma awon iri 15 ne. Haƙora su yi daidai, ƙwaya ta saɓa, mota ta yi gum, ta ƙi sauraron kowa na wasu mintuna. Mai yankan makulli sai ya koma ɗan riwaya, da mita a hannu yana auna ƙwaya.

Sai zamanin jan makulli. Wasu Fiat na shekarun 1990 suna zuwa da makulli guda mai jan kai, uban sauran. Da shi ake gabatar da sabon makulli ga ƙwaƙwalwar mota. Ya ɓata? A wancan lokaci sai dai a canza ƙwaƙwalwar da gidajen makulli gaba ɗaya. Daga 1998 kuma Jamus da Birtaniya suka wajabta wa sababbin motoci na'urar da ke hana inji tashi sai ta ji muryar ɗan guntun lantarkin da ke kan makulli. Motocin wancan lokaci yanzu sun haura shekara 25, sun fara shiga sahun tsofaffin da ake ji da su. Mai sayen irin waɗancan Fiat, tambayar farko: ina jan makullin?

Ga ta ƙarshe, kuma ita ce ta fi shafar masu waya a hannu. A 2008 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun ɗauki hoton makullai daga nisan ƙafa 195, kusan mita 60, da kyamara mai dogon hanci. Kwamfuta ta auna haƙoran daga hoton. Suka yanka. Ya buɗe! Yau akwai masu yankan makullan tsofaffin motoci da hoto mai kyau kawai suke buƙata, su karanto lambar daga ciki. Alheri ne ga wanda nasa ya karye biyu. Amma wanda ya sayi mota ya ɗaga makulli sama ya ɗauki hoto ya watsa a Facebook, ya raba wa duniya lambarsa kyauta.

Don haka, mai tsohuwar Fijo, mai Marsandi, mai Bitil, mai Land Rover ta gadon kaka: in makulli ɗaya ya rage maka, kada ka kwana. Nemo lambarsa, rubuta ta a takarda, sa ta cikin takardun gida. Yanko biyu, gwada kowanne a ƙofa da inji tun kana gaban mai yankan. Na asalin kuma a adana shi a akwati, a riƙa yawo da sabon. Ku kai wa Baba wannan labari yau, ku tambaye shi ina makullin safaya yake.